Ba kowane babba ne na ƙoli ba

Jiya da daddare ƙanina ya turo mini rubutun da ya shirya na taya maigidansa murnar ƙarin girma a wurin aiki, ya ce in duba masa kafin ya saka. Layin farko kawai na karanta na tsaya. Ya rubuta: "Maɗaukaki, fiyayye, shugaba mafi girma da aka taɓa yi." Na kira shi na ce, "Ƙanina, wa kake kira Maɗaukaki?" Ya ce, "Yaya, ai girmamawa ce kawai." Na san da zuciya ɗaya ya yi, kuma mutumin ya cancanci yabo. Amma abin ya tsaya mini a rai har safiya, domin ba shi kaɗai ba ne, kullum ina cin karo da irinsa.

Jama'a, kalmomin fifiko da muke da su kowace da mazauninta. Ɗauki "Maɗaukaki". Asalinta ɗaukaka ce, kuma duk Bahaushen da ya ji ta, abin da ke biyo ta a kunnensa shi ne "Allah Maɗaukakin Sarki". Da ita malamai ke fassara "Al-A'ala", wadda muke faɗa a cikin sujada. "Fiyayye" kuma daga fi ta fito, kuma bakinmu ya saba da ita a wuri guda: "Fiyayyen Halitta", tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Nahawu bai hana ka ce wa wani fiyayye ba, amma kunne yana da nasa hukuncin. Ni dai jikina yakan yi sanyi in na ga an ɗauko waɗannan biyun an liƙa wa wanda aka ƙara wa mataki ɗaya a ofis.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a harshen nan shi ne yadda ya gina fifiko a kan aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki, kamar "fi". Larabci yakan canza siffar kalmar kanta, kabir ta koma akbar. Hausa ba ta yin haka. Mu sai mu ce "ya fi". Kuma da zarar ka ce ya fi, tambaya ta hau kanka: ya fi wa? Ya fi shi da me? Shi ya sa cikakkiyar maganar Bahaushe takan zo da ƙafafunta duka: wane ya fi kowa haƙuri a cikinmu. Ga wanda ya fi, ga waɗanda aka fi, ga abin da aka fi su da shi. "Mafi" ma ɗiyar wannan fi ɗin ce, don haka ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da abin gwadawa. Yanzu kuwa sai ka ga kanun labari: "taro mafi girma a tarihi". Tarihin ina? An ƙirga na baya? Wanda ya rubuta bai ƙirga komai ba, so yake kawai ya ce taron ya cika. To ai muna da "ya cika maƙil", muna da "ba masaka tsinke", kuma babu wadda ta ɗora maka nauyin da ba za ka iya saukewa ba.

Sai "babba", wadda mutane da yawa ke ɗauka ita ce ƙarshe. Kotuna sun isa misali. A Najeriya akwai Babbar Kotu, amma wanda bai gamsu da hukuncinta ba yakan wuce Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga nan kuma Kotun Ƙoli, wadda tun 1963 ita ce tuƙewar shari'a a ƙasar. Ka ga ke nan Babbar Kotu tana da biyu a samanta. Waɗanda suka zaɓi "ƙoli" sun san Hausa, domin ƙoli shi ne can saman da babu wani abu a bisansa, ɗan uwan ƙololuwa. Babba na iya samun wanda ya girme shi, ai an ce gaba da gabanta. Na ƙoli ɗaya ne tak.

Ko a kiran masu mulki an bambanta. Mai Girma na gwamna da ire-irensa, Mai Martaba na sarakuna, Mai Alfarma kuma an san shi da Sarkin Musulmi. A tsangaya ma ba a kiran mutum Gwani don ya yi tilawa mai daɗi sau ɗaya. Sai ya haddace Alƙur'ani, ya ƙware a rubuta shi da ka, masana sun shaide shi. Shekaru ne na wahala a cikin wannan kalma guda, kuma abin yana yi mini ciwo in ga an miƙa ta ga wanda bai taka ko rabin hanyar ba, alhali ga masu ita na gaskiya suna ji.

Wani zai ce ai kirari ma zuzutawa ne. Haka ne, amma mai jin kirari ya san kirari ake yi, ba ya ɗaukar sa a matsayin labari. Damuwata ita ce rubutun da ake so a yarda da shi: sanarwa, rahoto, ta'aziyya, shaidar da ake bayarwa a kan mutum. In kowane malami ya zama "mafi sani", ranar da za mu yi maganar wanda ya fi su da gaske, da wace kalma za mu kira shi?

Da safe muka zauna da ƙanina muka sake rubutun. Na tambaye shi abin da ya sa yake ƙaunar mutumin. Ya yi shiru, can ya ce shekara huɗu suna tare, bai taɓa jin ya daka wa na ƙasa da shi tsawa a gaban mutane ba. Na ce to rubuta wannan. Ya goge layin farkon nan, ya sa sunan muƙaminsa na gaskiya, ya bi shi da cewa a duk shugabannin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu, wannan ya fi su sanin darajar ƙaramin ma'aikaci.