Rumfar gilas a garin ƙura

Ɗan ƙanwata ya turo mini hoto ta WhatsApp ranar Juma'ar da ta wuce: wata rumfar sayar da burodi, gilas gaba da baya, fitilu kamar gidan biki, ga kek jere tsaf. Ƙarƙashin hoton ya rubuta, "Kawu, irin wannan nake so, tunda a irinta kake aiki." Wani alhaji ne ke gina bene mai jerin shaguna can wajen Sabon Gari a garinmu Damagaram, shi kuma yaron ya kama wuri a bakin ƙofar shiga, yana son kafinta ya buga masa abin da ya gani a intanet.

Gaskiya ne, a irinta nake aiki. Shekarata takwas a Liyon, ƙasar Faransa, biyar daga ciki a wata rumfar burodi da ke tsakiyar wani katafaren rukunin kantuna. Faɗinta mita 3, tsawonta mita 4, kuma ba ta da rufi, domin ginin da ta ke ciki shi ne rufinta. Rana ba ta taɓa ta, iska ba ta kaɗa ta, sanyin wurin ɗaya ne rani da damina. Wanda ya zana ta ya ƙirga takunmu: taku biyu daga firigo zuwa tanderun lantarki, juyi ɗaya daga tanderu zuwa akwatin gilas. Bakin tanderun ma da gangan aka juya shi wajen hanya, saboda ƙamshi ya kamo mai wucewa ta hanci. Kwaɓin kuwa ba mu muke yi ba, a daskare yake zuwa da asuba cikin kwalaye. Shi ya sa ba mu da ikon rubuta "boulangerie" a allonmu, domin dokar Faransa ta 1998 ta keɓe wannan suna ga wanda ke kwaɓawa, ya mulmula, ya gasa a wurin da yake sayarwa. Da UNESCO ta karrama sana'ar dogon burodin Faransa a 2022, ba da mu masu ɗumame take ba.

To, ɗauko wannan akwati ka dasa shi a Damagaram cikin watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kafin azahar gilas ya zama tanderu na biyu, kirim ɗin kek ya narke ya bi faranti. Hunturu ya shigo, hazo ya sauka, gilas ɗin da ka goge da safe kafin walaha yaro zai iya rubuta sunansa a kai da yatsa. Gogewa kuma ruwa take ci, a garin da kowa ya san darajar ɗan garuwa. Ban ma zo kan kuran ba, wato wutar lantarki. Duk wanda ke gida a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, ya san abin da ke faruwa da firigo cike da kaya. Rumfar da ranta gaba ɗaya ke rataye a jikin waya, ranar da wuta ta ɗauke sai dai mai ita ya tsaya yana kallon jarinsa yana tsami.

Amma duk wannan mai sauƙi ne, kuɗi na iya maganinsa, a sayi injin wuta, a sa farantan hasken rana. Abin da ya fi damuna da hoton nan shi ne ba don mutanenmu aka zana shi ba. Mai saye a rumfarmu ta Liyon bai cika yin minti guda ba. Ya nuna, a naɗe masa, ya ɗora kati, ya wuce. Babu benci, kuma da sani aka hana shi, domin kowane taku na ƙasan ginin kuɗin haya ne. A Damagaram gaisuwa kaɗai ta fi cinikin tsawo. Sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, an taɓa maganar ruwan bana, kana a ce, "Yanko mini na dala ashirin." Wa zai yi wannan a tsaye gaban gilas, mutum biyar na huci a bayansa?

Mu fa muna da zanen rumfar burodi tun tuni, ba mu dai kira shi zane ba. Je ka dubi teburin mai shayi a bakin tasha ko gefen Kasuwar Dole. Benci ta fuska uku, shi a ta huɗu. Gwangwanayen madara an gina su kamar hasumiya, su ne allon tallarsa. Burodi a lulluɓe, wuƙa a dama, butar shayi kan gawayi a inda hayaƙi ba ya komawa kan masu zama. Ba ya taku ko ɗaya, hannu kawai yake miƙawa. Injiniyan da ya ƙirga mana taku biyu a Liyon da zai ga wannan, da ya cire hula.

Na ce wa yaron ya fara da tambayar wa zai zo saye. Mafi yawa yara ne da aka aiko da kuɗi a dunƙule cikin hannu. A Faransa doka ta sa a rage tsawon wani sashe na kanta, kada ya wuce santimita 80, domin masu keken guragu. A gida ma akwai masu keken, ga kuma ɗan aike da kansa bai kai kantar ba, sai dai ka ga hannu ya ɓullo. Akwai matar da ba za ta kutsa tsakiyar maza ba, tana bukatar ƴar taga ta gefe. Akwai ɗan kabu-kabu da ba ya son kashe babur. Hoton intanet bai san ko ɗayansu ba.

Ba wai komai na Turawa nake kushewa ba. Abu biyu zan ɗauko da hannu bibbiyu. Hannun da ya karɓi kuɗi kada ya taɓa burodi, ko a sa mutum biyu, ko a yi amfani da ɗan maɗauki. Wannan kam mun yi sakaci da shi, kuma tun ina yaro yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na biyu, a rubuta farashi ɓaro-ɓaro. Sauran kuwa, gwamma ya shiga unguwar Birni ya yi karatu a jikin bango: katanga mai kauri, ƙananan tagogi, zaure mai sanyi ko da tsakar rana. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, hadari daga gabas, ranar yamma ita ce mai ƙuna, don haka fuskar rumfa ta dubi kudu, da inuwa mai zurfi a gabanta. Cikin akwatin kuma a jera alkaki da nakiya da dubulan da cincin, waɗanda zafi ba ya ba su tsoro, kek mai kirim sai wanda aka yi oda.

Ya yi mini gardama, kuma a wuri ɗaya ya kayar da ni. Ya ce matasan yanzu suna son wurin da za su ɗauki hoto, idan rumfarsa ta yi kama da teburin mai shayi ba wanda zai biya kuɗin bene. Na sallama. Muka tsaya kan gilas fuska ɗaya, fitilun da ba sa zafi, da zanen bango irin na Birni a goshin rumfar, wanda ko a Liyon aka kafa shi sai an tsaya ɗaukar hoto.

Jiya da dare ya sake rubuto mini: "Kawu, bencin fa? Idan suka zauna hira ba su sayi komai ba?" Na ce ya je gobe da sassafe ya sha shayi a bakin tasha, ya lura da yadda mai shayin ke ɗauke kofi.