Don Allah ku daina lanƙwasa sunan fankshin a cikin kwament

Jama'a masu rubuta kod, wannan maganar ta daɗe tana cin raina, yau dai sai na faɗe ta.

Satin da ya wuce aka danƙa min wata manhaja ta lissafin shago, wanda ya rubuta ta ya koma wani aikin. Kod ɗinsa ba laifi wallahi, yaron ya iya, kwament ɗinsa, wato bayanan da ake rubuta wa mutum a cikin kod, ne suka hana ni barci. A saman wani fayil ya rubuta: "a tabbatar an yi save kafin close, in ba haka ba lissafin ranar zai ɓace." To wane save? Akwai fankshin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, mai suna save, akwai wani saveAll, ga maɓallin Save da mai shago yake dannawa a fuskar manhajar, ni kuma ina ta kiran na farkon ina ganin cinikin yini guda yana ɓacewa a gwaji, an ɗauke wuta, cajin laftof saura kaɗan, sai wajen ƙarfe 2 na dare na gano ashe saveAll yake nufi. Da `saveAll()` ya rubuta da minti biyu sun ishe ni.

Ra'ayina ke nan: in za ka ambaci fankshin a kwament ko a takardar bayanin manhaja, rubuta sunansa daidai yadda yake a kod, harafi da harafi, babba da ƙarami, ka liƙa masa baka biyu, wato (), a ƙarshe, in Markdown ne kuma, salon tsara rubutu da alamomi, ka sa shi tsakanin baktik, ɗan alamar nan da ke ƙarƙashin Esc a kibod.

Na san akwai manya da ba su yarda da baka biyun ba. Ƙa'idojin rubuta kod na GNU, shirin nan na manhajoji masu 'yanci, sun hana ƙarara, hujjarsu ita ce suna kamar foo da baka biyu ba fankshin ba ne, kiran fankshin ne da ba a miƙa masa komai ba. Ta fuskar nahawun yaren kod na C suna da gaskiya, ban musa ba. Amma kwament ai ba kompaila, manhajar da ke fassara wa kwamfuta kod, ke karanta shi ba, mutum ne, kuma sau da yawa mutumin a gajiye yake. Sunaye irin su open, read, close, map duk kalmomin Turanci ne na yau da kullum, in ba alama ta ina zan san fankshin kake nufi ko magana kawai kake yi? Mutanen Linux sun bi ɗaya hanyar, tun fitowar 5.3 a 2019 in ka rubuta suna da baka biyu a takardun kanel, wato zuciyar Linux ɗin, injin haɗa takardun da kansa yake mai da shi mahaɗa zuwa bayanin fankshin ɗin. Sphinx, injin haɗa takardun bayani da 'yan Python ke amfani da shi, ma shi ke ƙara maka bakan ko ba ka sa ba.

Kuma fa kowane gida da al'adarsa. A littafin man na Unix, wato jagorar tsarin, printf(1) umarnin da kake bugawa ne a tamina, tagar buga umarni, printf(3) kuwa na laburaren C ne, lamba ɗaya tal ta raba su. 'Yan Ruby suna rubuta Array#map don ka san a kan abin da aka ƙirƙira daga ajin Array ake kiran map, ba a kan ajin kansa ba. 'Yan Elixir su ce Enum.map/2, wato yana karɓar abu biyu, domin a wajensu suna ɗaya da adadi daban fankshin ne daban. Go tun 1.19 a 2022 ya karɓi suna cikin baka mai kusurwa a matsayin mahaɗa. In ka shiga aikin wasu ka tarar da tsari, bi nasu, ko da na GNU ɗin ne. Abin da ba zan lamunta ba shi ne mutum ɗaya a fayil ɗaya ya yi salo uku.

Sai kuma tamu matsalar, mu masu rubuta kwament da Hausa, kuma ina jin daɗin ganin muna ƙaruwa. Harshenmu yana son liƙa wa suna ɗafi, sai ka ga an rubuta "getUsern nan" ko "printɗin", to ka fasa sunan ke nan, wanda ya kwafe shi ya nema da grep, umarnin neman kalma a fayiloli, zai tashi hannu rabbana. Raba su: `getUser()` ɗin nan. Wata kuma, fankshin a kod sunansa kirga_kudi, a kwament sai kishin Hausa ya motsa a rubuta ƙirga_kuɗi da lanƙwasa. Ni mai son ƙ da ɗ ne sosai, ku sa su a ko'ina cikin jimlar, amma a wajen kwamfuta k daban ƙ daban, nema ba zai taɓa haɗa su ba. Ga wayoyinmu ma da ke mai da harafin farko babba, ka fara jimla da save ta koma Save ba ka lura ba.

Manhajar shagon dai na bi kwament ɗinta ɗaya bayan ɗaya na gyara, har na ci karo da guda biyu da ke ambaton fankshin da aka riga aka canza wa suna, da baka biyu a jikinsu da tuni nema ɗaya ya fito da su. Yanzu duk wanda ya turo min kod in duba, in na ga sunan fankshin tsirara a kwament, mayar masa nake yi ya gyara kafin mu ci gaba.