Zakaran Wudil

Da sassafe, ana tsakiyar hunturu, Bazazzagi ya yi sallama a zauren amininsa Bakano. Ya same shi tsugune gaban akurki, ga kaji biyu a gefe sun yi jugum, ga wani zakara a ƙarƙashin kwando.

Bakano: Shigo, bawana. Rabonka ne ya rantse, yau kaji zan karyar.

Bazazzagi: Bakano ya karyar da kaya? To akwai magana. Wannan kazan me ya same shi yake kallon sama?

Bakano: Ita, ba shi ba. Shekara ashirin kana zaune a Kano, har yau ka kasa raba mace da namiji.

Bazazzagi: Ko mace ne ko namiji ne, wuyan shi ya murɗe.

Bakano: Ba murɗewa ba ce, gadi take yi. Mai hangen shaho ake ce wa irinta. Tun da ta fara kallon saman nan shaho bai ɗaukar mini ɗan tsako ko ɗaya ba.

Bazazzagi: Ina 'yan tsakin?

Bakano: Sun riga mu gidan gaskiya. Amma dai ba shaho ne ya ɗauke su ba.

Bazazzagi: Wancan fa, da ya saki fukafukai ya rufe ido?

Bakano: Kunya gare ta. Ba ta saba da baƙi ba.

Bazazzagi: Kashin nan kore shar, shi ma kunya ne?

Bakano: Zogale take ci. Ka je ka tambayi likitoci amfanin zogale.

Bazazzagi: Alhaji, ka ji tsoron Allah. Fakat ne ya shigo maka gida. Shi ne likitocin dabbobi ke ce ma Niyukasil. Da hunturu ya kama yake zagaye gari, ya bi iska, ya bi kashi, ya bi ruwan sha, har takalmin mutum yana ɗaukan shi. Ya shiga akurki, sai wanda Allah ya yi ma sauran kwana.

Bakano: Subhanallahi. Ba dai murar tsuntsaye ba ce? Wadda ta ɓulla a 2006, kuma in ban manta ba a Jaji ta fara, ƙasarku ta Zazzau. Ku ne kuka fara karɓar baƙuwar.

Bazazzagi: Mun karɓa, ku kuka yi mata rakiya. Wancan daban, wannan daban, ko da yake ido kaɗai ba ya raba su, sai an kai gwaji.

Bakano: Ai da ita ce da na ji sanyi. Lokacin gwamnati ta biya diyya, naira 250 kowace kaza.

Bazazzagi: Je ka da 250 ɗin yau wurin mai shayi ka ga ko zai fasa maka ƙwai biyu. Me ka ba su?

Bakano: Me ban ba su ba? Na fasa kafso ja-da-yalo a ruwansu. Na daka barkono. Na jiƙa sassaƙen maɗaci. Jiya na ƙara tafarnuwa da albasa.

Bazazzagi: Saura daddawa da manja. Miya kake haɗawa tun kazan yana da rai.

Bakano: To malamin Zariya, kai me za ka ba su?

Bazazzagi: Yanzu kam sai addu'a. Ciwon nan ba shi da magani, ja-da-yalo ba ya taɓa ƙwayar shi. Rigakafi ake yi tun suna lafiya. Akwai Lasota, a can Vom ta Jihar Filato ma ana yin shi. A ɗiga a ido ko a sa a ruwan sha, bayan wata uku a sake. Amma cikin ƙanƙara ake ɗauko shi, in ya sha rana ya tashi daga aiki.

Bakano: Kwalba ɗaya ta kaji nawa ce?

Bazazzagi: Akwai na ɗari, akwai na ɗari biyu.

Bakano: Ni da nake da goma sha biyu? Sauran fa, in sha?

Bazazzagi: Ka haɗa kuɗi da maƙwabta.

Bakano: In sa kuɗina kazar Malam Na-Layi ta yi lafiya ta zo ta tone mini dusa? Bar wannan. Taya mai gadin nan. Dubu tara.

Bazazzagi: Dubu tara! Da can da wannan kuɗin har akuya an saya.

Bakano: Da ka ce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ka ga abin da ya sauko? Ga dala.

Bazazzagi: Kazan da ke tone-tone a bola, ina ya haɗu da dala? Mota yake hawa?

Bakano: Ita ba ta hawa, masara na hawa. Je ka Dawanau ka tambayi kwano. Dusar da ake ba mu kyauta a wurin niƙa, yanzu awo ake yi. Kuma kazar Hausa ce, ba ta gidan gona ba da ake hurawa a sati shida.

Bazazzagi: Dubu ɗaya, saboda zumunci.

Bakano: Albarka.

Sai aka ji murya daga bayan labulen tsakar gida.

Uwargida: Alhaji, kajin wa ake tayawa?

Bakano: Hajiya, hira muke yi.

Uwargida: Ina kwana, Malam? Ka tambaye shi ko ya taɓa sayen kaza a gidan nan. Da kuɗin adashina na sayi uwarsu, na sa mata ƙwai, na ƙirga kwana ashirin da ɗaya har ta ƙyanƙyashe. Goma sha biyu na tara, ina nufin in haɗa in sayi tunkiya kafin Babbar Sallah. Sai ranar Juma'a ya dawo daga kasuwar Wudil da zakara a hammata, baki har kunne, wai ya yi wa dillali wayo.

Bakano: Dubu shida fa, Hajiya. Zakaran dubu goma sha biyu.

Uwargida: Na ce a ware shi sati biyu tukuna. Ya ce baƙo ba a kulle shi.

Bazazzagi: Ka ji aikin jahilci. Wa ke sayen kaza mai araha da hunturu? Duk wanda ya ga nashi sun fara gyangyaɗi kasuwa yake rugawa da su. Buɗe in ga zakaran.

Bakano ya ɗaga kwando. Ga jan zakara, wutsiya baƙa, da shuɗin zare ɗaure a ƙafar hagu. Bazazzagi ya dube shi, ya dubi agogo.

Bazazzagi: Af, ashe ina da aji ƙarfe takwas.

Bakano: Yau Alhamis, makarantar allo kake koyarwa. Zauna. Me ya sa zakaran nan yake jan ƙafa yana nufo ka?

Bazazzagi: Dabba ya san mutumin kirki.

Uwargida: Alhaji, duba zaren nan da kyau. Irin wanda matarsa ke saƙa hula da shi ne. Ni na raka ta Kurmi ta saya.

Bakano: La ilaha illallahu! Malam, naka ne?

Bazazzagi: Da can. Atishawa kawai yake yi lokacin da na ba dillali.

Bakano: Ina Lasota? Ina Vom? Ina ƙanƙara?

Bazazzagi: Kwalban na kaji ɗari ne, ni kuma takwas gare ni.

Bakano: Nawa ya ba ka?

Bazazzagi: Dubu uku.

Bakano: Uku? Ni ya karɓar mini shida! Wallahi wannan ta fi mini ciwo a kan kajin.

Uwargida: Ai dole, tunda ba naka ba ne. Goma sun mutu, ku raba biyar-biyar, a kan dubu taran da na ji kana faɗa da bakinka.

Bakano: Hajiya, wannan farashin baƙo ne.

Uwargida: Na sallama a haka.

Zakara ya yi wata 'yar ƙara, ya kife.

Bazazzagi: Kawo wuƙa kafin ya zama mushe!

Bakano: Tsaya tukuna. In naka ne, biya ni dusar kwana shida. In nawa ne, taya.