Ƙannena, Mota Ba Ta Gudu Babu Alƙibla

Jiya da daddare a unguwar Aboabo ta Kumasi na ba yara goma sha biyu masu shirin jarrabawar gama sakandare ta WASSCE tambaya ɗaya a darasin fiziks. Trotro, wato ƙaramar bas ta haya, mai nauyin kilo 3,000 tana gudun mita 10 a daƙiƙa, tasi mai kilo 1,000 ta taho daga gabanta da irin wannan gudun, suka yi taho-mu-gama suka manne. Da wane gudu za su wuce? Tara daga cikinsu suka rubuta mita 10. Wallahi sai da na ajiye alli na zauna.

Ƙannena, ku dubi abin da kuka rubuta. An gwabza karo gaba da gaba, amma trotro ko gezau, gudunta na nan yadda yake! A wace hanya kuka taɓa ganin haka, Kejetia ko Asawase? Yaron mota da bai taɓa shiga aji ba zai yi muku dariya.

Laifinku ɗaya ne, kun ƙi kula da alƙibla. Momentom nauyi ne sau gudu, amma gudun da ke da inda ya dosa. In ka ce gabas ita ce tarawa, dole mai zuwa yamma ta ɗauki alamar ragewa. Trotro na da 30,000, tasi na da 10,000 a kishiyar hanya, saura 20,000. Raba da nauyinsu a haɗe, kilo 4,000, mita 5 ke nan, wajen da trotro ta nufa. Jimillar momentom kafin karo ita ce ta bayan karo, muddin ba wani ƙarfi daga waje da ya sa hannu. Ku kuwa kun tara komai kamar kuɗin adashe. Ba zane, ba kibiya, sai danna kalkuleta. Sauri ya haifi nawa.

Ba ku kuka fara ba. Dekart, masanin nan na Faransa, ya yi wannan tuntuɓen a 1644, ya auna motsi bai lissafa alƙibla ba, sai wajen 1668 Wallis da Wren da Huygens suka gyara zancen. Shi yana da uzuri, babu wanda ya share masa hanya. Ku fa, da littafi a gabanku da waya a hannu? Wayar ma ba don karatu ba, sai TikTok da cacar ƙwallo da neman wanda zai sato takardar jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani cikinku ma cewa ya yi kuzarin motsi bai ragu ba. Daga jul 200,000, wato ma'aunin kuzari, ya koma 50,000, ɗana. Sauran ya tafi a zafi da ƙara da lanƙwashewar ƙarfe, shi ne abincin masu gyaran bodi a Suame Magazin. Yaron nan ma da ya sa alamar ragewa da ya gani.

Ku gyara, ku nutsu, ina faɗa ne don ina son ku. A zamaninmu malami ba ya duba amsa sai ya ga zanen motoci biyu da kibiyoyinsu. Da fitilar kwai muka yi karatu, littafi ɗaya mu huɗu, kuma kunyar kai wa malami amsar da hankali ba zai ɗauka ba ta fi mana bulala zafi. Jiya ko ɗaya cikin taran nan bai sunkuyar da kai ba.