Wai Kullum Fadar a Rufe Take

Wallahi direbobin tuk-tuk, wato keke mai ƙafa uku irin A Daidaita Sahu, na birnin Bankok a ƙasar Tailan sun kai ni maƙura, domin da wuya baƙo ya nufi Babbar Fadar Sarki, wadda aka fara ginawa a 1782, ba tare da wani ya tare shi da murmushi yana rantsuwa cewa yau a rufe take ba. To, ayarin mutanen da ke shiga ƙofar riƙe da lema, aljanu ne? Ka ce za ka wurin bauta na Wat Pho ka ga mutum-mutumin Buda mai tsawon mita 46, sai direban ya yanka maka kuɗi kaɗan, ya sauke ka a shagon duwatsun ado, daga nan shagon tela, inda za a hau auna kafaɗarka alhali ba ka nemi kwat ba. Wa zai sa kwat a zafin da ke narkar da kwalta? Mai tasi kuma ya ƙi kunna mitar lissafin kuɗi, gumi ya jiƙa rigarka sharkaf, la'asar ta yi, an daina sayar da tikitin fadar da gaske, kai kuwa ko kogin Chao Phraya ba ka gani ba!