Tunzura jama'a daban, ɓata wa mai mulki rai daban

Duk lokacin da aka taso da maganar dokar hana kalaman ƙiyayya, tambayata ɗaya ce: wa zai yanke cewa magana ta zama ƙiyayya? Alƙali, ko wanda maganar ta sosa wa rai?

Ba na cikin masu cewa baki ba ya kisa. A Ruwanda a 1994, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, yana karanto sunayen mutane da inda suka ɓuya, masu adduna na bin sawu. Cikin kwana 100 aka hallaka kimanin mutum 800,000. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta samu jagororin gidan da laifi. Wanda ya ce wannan ma 'yancin faɗin albarkacin baki ne, ba mu da abin tattaunawa.

To amma ita Ruwandar ce kuma ta yi dokar hana "aƙidar kisan ƙare dangi" a 2008, aka bar ma'anarta a buɗe. Victoire Ingabire, 'yar adawa, ta koma gida a 2010 don takarar shugabanci, sai ta ƙare da hukuncin shekara 15. A 2017 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce an tauye mata 'yancin magana. Ƙasa ɗaya, jama'a, ta ɗanɗana cutar ta kuma ɗanɗana illar maganin.

Shi ya sa nake ganin a bi ma'aunin Rabat na 2012, wato sharuɗɗan tantance kalaman tunzurawa da masana suka fitar ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Rabat na Maroko. Kafin a kama mutum, a duba wane ne shi, mutum nawa ke sauraronsa, a wane yanayi ya yi maganar, me ya nufa, kuma shin da gaske maganar na iya sa a far wa wasu. Ɗan siyasar da ya ce wa dubban magoya baya "ku kore su" ana gobe zaɓe ba ɗaya yake da matashin da ya zagi minista a Facebook ba. Zagin rashin tarbiyya ne, na yarda, amma ba aikin ɗan sanda ba ne.

Miƙa wa kamfanonin sada zumunta na intanet alƙalancin ma bai kwanta mini ba. Jamus ta gwada a 2017: a goge rubutun da ya saɓa doka ƙarara cikin awa 24, kamfanin da ya riƙa sakaci kuma tararsa na iya kai wa Yuro miliyan 50. Kamfanin da ke tsoron wannan tara, in ya ga rubutun da yake shakka a kansa, gogewa zai yi ya huta.