Tafkin Chadi: a auna ruwan da ke hannu kafin a nemi na Kwango

Duk lokacin da shugabannin ƙasashen yankin Tafkin Chadi suka hallara, sai an sake biya mana zancen nan da ya zama tamkar hadda, cewa tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, saboda haka babu mafita sai a janyo masa ruwa daga yankin kogin Kwango. Shirin Transaqua ke nan, wanda taron Abuja na 2018 ya yi na'am da shi, aka ƙiyasta zai ci kimanin dala biliyan 50, kuma har yau ko shebur ɗaya ba a soka a ƙasa ba.

Wannan adadi na kashi 90 tsohon lissafi ne. Gaskiya ne a farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000, kuma farin shekarun 1970 da 1980 ya raba shi gida biyu. Amma hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna cewa tun shekarun 1990 bai ci gaba da ƙafewa ba. Yana cika yana ja baya gwargwadon daminar da ta sauka a kogunan Shari da Logon, waɗanda su ne ke kawo masa mafi yawan ruwansa, wani ɓangaren ruwan kuma yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyayi. Masu cewa babban aiki zai samar da aikin yi har ya kawar da ta'addanci, ba su taɓa bayyana wanda zai biya kuɗin ba.

Ɓarnar da ke gabanmu kuwa ba ta samun mai waiwayarta. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke gangara zuwa kogin Komadugu Yobe, wanda shi ma ke zuba a tafkin, har ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru, ta cinye wa manoma gonakin shinkafa, ta hana masunta jefa koma, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan baki. A Kano, ruwan jima na masana'antun fata, mai wari da sinadarai, yana kwarara cikin kogin Challawa, kuma da shi ake ban ruwan kayan lambu.

Rashin tunani ne Najeriya, ƙasar da ba ta kula da ma'aunan ruwa a kogunanta, ta riƙa mafarkin haƙa magudana mai tsawon kilomita sama da dubu biyu. A gyara ma'aunan, a ba masana a jami'o'in Maiduguri da Bayero kuɗin ɗibar ruwa su gwada shi kowane wata, a kuma tilasta wa hukumomi su fitar da sakamakon ga jama'a.